Awon Wuyan Surajo

Talata, 4 ga Nuwamba, 2025

Wani mutum ya auna wuyan Surajo da tef ɗin tela yau da hantsi, a layin 'yan hatsi na kasuwar Mafara. Inci goma sha tara. Ya rubuta a littafi.

Yaya Taiba ce ta zo ta gaya mini bayan la'asar. Gaisuwar ma a tsaitsaye muka yi, abin da ba halinta ba ne. Surajo shi kaɗai ne namijin da ya rage mata tun da aka kashe mijinta Ayuba a gonarsa a Damaga, shekara biyu ke nan, suka kwaso suka dawo nan. Dako yake yi a kasuwa, in kaka ta yi kuma ya shiga kokawa. Shekararsa ashirin da huɗu.

Ta ce, "Hadi, wanga mutum ya ce ƙwallo za ya kai shi Habuja. Wace irin ƙwallo ta aka auna wuya? Rago ne?"

Na ce ban sani ba. Ta ce to in sano. "Kai kay yi jarida, kai kas san mutanen birni. In kac ce shi tahi, shi tahi. In kac ce a'a, ko ƙohwar gida ba ya wucewa."

Ranar ɗaya ga Disamba mutumin ya ce mota za ta tashi. Kwana ashirin da bakwai.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Abin da na tattara: sunansa Murtala, asalin Bakura, ya bar gida fiye da shekara goma sha biyar, an ce Legas. Ya dawo wata biyu da suka wuce. An gan shi a wuraren kokawa uku: Bakura, Dakko, Maradun. Ba ya kallon wanda ya yi kaye, in ji wani mai shayi, ƙafafun mutane yake kallo.

A ƙasar nan in baƙo ya zo yana zaɓen ƙarti, ɗayan uku ne. Ramin zinari, ko bangar siyasa, ko hanyar sahara. Shekara goma sha takwas na yi ina rubuta labarin duka ukun a Kaduna, kuma kowane ɗayansu da takarda mai hatimi ya fara.

Bai nemi ko sisi a hannun yaron ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Na sami Murtala bayan an sauko daga masallaci. Gajere, mai faɗi, wuya da kafaɗa sun haɗe babu iyaka. Kunnuwansa sun dunƙule kamar an tauna. Mun gaisa doguwar gaisuwa, na tambayi mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya don in ji ko zai yi tuntuɓe. Bai yi ba. Har gidan da aka yi gobara bara ya sani.

Zari-ruga ne, ya ce. Na san sunan daga labaran wasanni, ban taɓa zama na kalla ba. Ya ce ƙungiyar ƙasa tana da masu gudu kamar barewa, amma in an fita waje ana cin su, kuma wuri ɗaya ake cin su. Ya nuna mini a waya: ƙarti takwas sun duƙa sun sarƙe, wasu takwas sun duƙa sun sarƙe, an haɗa kawuna, aka jefa ƙwallon a ƙarƙashinsu. Sikiram ake kiransa. Shi turereniya yake ce wa yaran nan.

"Malam, dibi nan," in ji shi. "Duk sa'ad da ƙwallo tas suɓuce ma wani gaba, wanga abu aka yi. Sau goma, sau sha biyar a wasa guda. In naku shina ja da baya, alƙali shi busa, a ba su bugu, maki uku. Shi sake busawa, maki uku. Masu gudun namu suna can tsaye suna shan iska, ƙwallo ba ta iso musu ba."

Na ce to mene ne haɗinsa da ɗan dako daga Damaga? Ya ce mutum biyu da ke gefe a sahun gaba su ne ginshiƙai, su ke ɗaukar nauyin kowa, kuma ba a samun su a makarantun Legas. A dandalin kokawa suke.

Magana mai tsari. Masu ramin zinari ma maganarsu da tsari. Na karɓi hoton takardarsa. Akwai lambar waya a ƙasa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na kira lambar sau shida. Tana shiga, ba a ɗauka.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na sauke littafin dokokin wasan na karanta babin turereniyar sau biyu, sannan sharhin wasu tsoffin 'yan wasa. Duk abin da Murtala ya faɗa yana nan. Takwas da takwas, uku a gaba, nauyin ɓangare ɗaya kan kusa kai buhu tara na masara. Marubutan sun yi ittifaƙi cewa a wasan ƙasa da ƙasa, ƙungiyar da turereniyarta ke ja da baya da wuya ta yi nasara, ko da ta fi gwaninta a ko'ina. Wani ya ce ba maki kaɗai ake rasawa ba, zuciya ake rasawa: mutum takwas da aka tura baya sau uku a jere, ƙafafunsu ba sa ƙara yarda da su.

Wannan ya nuna Murtala ya san wasan. Bai nuna akwai mota ba, bai nuna inda motar za ta tsaya ba.

Matata Salma ta leƙo ta ga abin da nake kallo, ta ce, "Malam, su waɗanga mi sunka ɓatar a ƙasa suka nema haka?"

Talata, 11 ga Nuwamba

Surajo ya zo da kansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi zama a kujera. Yana son tafiya, ba sai ya faɗa ba. Ya ce, "Kawu, buhu nika ɗauka tun sahe ham marece. In dai ɗaukar kaya ta, gara in ɗauka da riga mai lamba."

Sai da zai tafi ya fito da abin da ya kawo shi. Murtala ya ɗauki Auwalu na Dakko ma. Wannan Auwalun shi ne ya kayar da Surajo bara a dandalin Maradun, gaban mutanen Damaga da suka yi gudun hijira suka taru don su ga nasu ya ɗaga musu kai. Tun ranar ba su gaisa ba.

Don me mutum zai haɗa abokan gaba biyu a mota ɗaya? Dakko ƙasar Bakura ce. Murtala ɗan Bakura. Na rubuta, ban yanke hukunci ba.

Na aika wa Shehu saƙo, wanda muka yi aiki tare a teburin labarai, yanzu yana Abuja. Na ce ya bincika mini abu biyu: akwai sansanin horo a Disamba, kuma akwai mai suna Murtala a harkar.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Na je Bakura na ga atisayen. A wani fili bayan gari, kusa da magudanar ruwan noman rani. Ƙarti goma sha shida, yawancinsu 'yan kokawa da 'yan dako, babu takalmi. 'Yan kallo sun fi ɗari. Har makaɗin kokawa ya zo da gangarsa ba tare da an gayyace shi ba.

Da farko amalanken shanu suka yi ta turawa. Murtala ya cika shi da buhunan yashi, ya ɗaure tsohuwar katifa a bayansa, ya sa duwatsu a gaban tayoyin. Kalma uku yake kira: "Duƙa! Kama! Haɗe!" Sun yi wajen awa guda.

Sannan ya raba su takwas-takwas. Ya sa Surajo a sahun gaba na wannan ɓangare, Auwalu a na wancan, kai da kai. Na lura da wannan.

Duƙa. Kama. Haɗe. Ƙarar haɗuwar kafaɗun ta zo mini har ciki. Daƙiƙa uku ko huɗu abin ya tsaya cik. Sai na ga Surajo ya sauke kafaɗarsa ta dama, ya murɗa ƙugu, ya ja. Kayen da ya yi shekara yana mafarkinsa. Auwalu ya kifa da fuska, sauran goma sha huɗun suka rufto a kansu.

Fili ya ɗauki ihu. Makaɗi ya saki ganga yana kirarin Surajo, na Damaga, na Taiba. Wani tsoho ya ruga ya ɗaga hannunsa sama. Surajo ya fito daga ƙarƙashi yana dariya, yana neman idona.

Murtala bai kalli kowa ba. Yana durƙushe a kan Auwalu, ya riƙe masa kai da hannu biyu, yana cewa kada ya motsa, ya motsa yatsun ƙafa tukuna. Sai da yatsun suka motsa ya miƙe. Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ya ce wa makaɗin in ya sake taɓa gangar nan zai jefa ta a ruwa. Ya juya ga Surajo.

"Mi kay yi?"

"Na kada shi."

"Ka kada kanka. Nan wanda yak kada mutum shi aka ci. Maki uku ka ba su, kuma saura kaɗan ka kai gawa Dakko. Hita min daga hili."

Surajo ya tsaya kamar bai ji Hausa ba. Tun yana ɗan shekara tara ake koya masa abu guda: in ka ji nauyin mutum ya karkata, kai shi ƙasa. Yau ya yi shi daidai, an kore shi.

A mota muna dawowa Surajo ya juya fuska ga taga. Ni ma. Abin da nake juyawa: mai neman 'yan banga da ya ga wannan kayen, lemo zai saya masa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Ko kuma Murtala ya iya wasan kwaikwayo. Na ga waɗanda suka fi shi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Wani zargin ya maye gurbin na farko. Ƙila motar gaskiya ce, amma kujera ɗaya ce, kuma ta Auwalu ce. An kawo Surajo ne a yi atisaye da shi, kamar amalanken nan, in an gama a bar shi a Mafara. Me ya sa ya haɗa su kai da kai ranar farko, alhali ya san tarihinsu? Ya san abin da zai faru. Yana neman dalilin kora ne.

Na kuma karanta abin da ke faruwa da wuya in turereniya ta rufta. Ƙashin wuya na huɗu da na biyar. Akwai hotuna, mutane a keken guragu. Ban nuna wa Yaya ba.

Ta aiko da fura, ta ce a tambaye ni ko na sano. Na ce a ce mata ina kai.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Murtala ya zo gida da kansa, ya yi sallama, ya zauna a tabarma. Na yi masa tambayar kai tsaye, yadda ake yi wa kwamishina: me ya sa ka haɗa su?

Ya ce da gangan ne. Ya ce kowane ɗan kokawa sai ya yi wannan kayen sau ɗaya, gara ya yi shi a Bakura a kan yashi, a gabansa, da ya yi shi a wata ƙasa ƙarƙashin ƙarti masu kilo ɗari da ashirin. "Amma ban zaci za ya ja da ƙarhi haka ba. Wanga kuskurena ne. Da yaron Dakko ya samu wani abu, ni ad da laihi."

Ban saba jin wanda ake tuhuma ya ba da kansa da wuri haka ba. Ko dabara ce.

Na ce kujera nawa ce? Ya ce biyu aka ba shi. A can kuma za a tace, ba shi da iko. Na ce lambar da ke takardarka ba a ɗauka. Ya yi dariya, ya ce ofishin ɗaki ɗaya ne, mai riƙe da wayar ma koyarwa yake yi da rana.

Ya nuna kunnensa ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi a sahun gaba. Ya ba ni labarin wani wasa a waje, bai faɗi shekarar ba, da aka tura su baya har sau bakwai, 'yan kallo suna ƙirgawa da baki. Ya ce a jirgi suna dawowa babu wanda ya zauna kusa da su ukun na gaba. A nan muryarsa ta canza. Na rubuta cewa ta canza, ban ce na yarda ba.

Surajo zai iya komawa ranar Laraba, in zai gaida Auwalu.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ya gaishe shi. "Ina wuya?" "Da sauƙi." Iyakarta ke nan.

Sabuwar rigima: kambu. Dukansu biyu suna da kambun kokawa ɗaure a damtse, kuma Murtala ya ce ba a shiga turereniya da komai a jiki, fatar tana yankar kunnen na kusa. Ya miƙa hularsa a zuba. Surajo ya ƙi, ya ce mutanen Dakko sun yi yawa a filin, wa ya san hannun da zai taɓa. Auwalu ya ce shi ma ba ya barin nasa inda ɗan Damaga zai tsallaka. Aka tsaya cirko-cirko.

Sai Auwalu ya nuna ni da haɓa. "A ba Malam. Shi bai yarda da kowa ba, ba ya ba kowa."

Aka yi dariya. Ni da na taɓa rubuta shafi guda a kan masu sayar wa matasa irin waɗannan abubuwa, na wuni da kambu biyu a aljihu, ɗaya dama, ɗaya hagu, don kada su haɗu.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Shehu ya amsa. Akwai sansani a farkon Disamba, wani a harkar ya tabbatar masa. Sunan Murtala kuma an san shi, tsohon ɗan sahun gaba, "mai taurin kai" in ji majiyar. Ko an ba shi izinin kawo mutane daga Zamfara, wannan bai samu ba.

Majiya ɗaya. Da ina tebur ba zan buga ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Mutum ɗaya a ɓangaren Surajo bai zo ba, an ce hanyar ƙauyensu ba ta biyuwa yau. Murtala ya dube ni ya ce, "Malam, amalanke ne kawai, ba ya cizo." Na ce shekarata hamsin da uku. Ya ce a gefe zai sa ni, inda ake sa marasa nauyi.

Na tuɓe babbar riga. Ban san dalili ba. Na ce wa kaina bincike ne.

Kafin nan ya sa Surajo ya tura shi kaɗai. Amalanken ya yi ƙara bai motsa ba. Auwalu ma haka. Sannan muka sarƙe mu takwas, kafaɗata a bayan cinyar Surajo, hannuna a ƙugun wani da ban san sunansa ba, warin zufa da yashi. Duƙa, kama, haɗe. Ya ce kada kowa ya tura sai ya ce yanzu, kuma ƙananan taku, tare. Da ya ce yanzu, abin ya haye duwatsun kamar babu su.

Karo na biyu ya raɗa wa Surajo ya sassauta riƙonsa kaɗan ba tare da mun sani ba. Ban ga komai ba, kaina yana ƙasa. Amma na ji. Nauyin duka ya zubo ta gefena, gwiwata ta lanƙwashe, amalanken ya karkace ya tsaya. Hannu ɗaya ne ya saki, mutum bakwai suka zama banza.

Duk karatun da na yi na mako biyu bai gaya mini wannan ba.

Salma ta shafa mini man zafi tana cewa, "Ɗan jarida ya koma ɗan dako. A rubuta a shafin gaba." Bayana har yanzu ciwo yake.

Talata, 25 ga Nuwamba

Yaya ta tare ni a kasuwa, wajen masu daddawa. Ta ce saura kwana shida, ta gaji da "ina kai". Ta ce Ayuba ma da safe ya fita ya ce yanzu zai dawo.

Na ce ranar Juma'a.

Gaskiyar ita ce ba ni da hujjar hanawa, kuma ba ni da hujjar bari. Takarda ba ta tabbata ba. Hanyar Gusau ita ma abin tsoro ce. In ya tsaya nan kuma, buhu ne har bayansa ya mutu, ko wani mai tef ɗin ya zo wanda ba zai kore shi don ya kayar da mutum ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Gwaji na ƙarshe, takwas da takwas. Murtala ya sake haɗa Surajo da Auwalu kai da kai. Na ce masa wannan ganganci ne. Ya ce in bai gani yau ba, ba zai sa Surajo a mota ba, ko ni na yarda.

An yi ban ruwa a gonar da ke kusa, gefen filin ya jiƙe. Turereniya huɗu suka yi lafiya, biyu nan, biyu can. A ta biyar ɓangaren Surajo suka fara ci gaba, taku ɗaya, biyu, suka kai su kan danshin. Ina tsaye daidai gefen, taku uku tsakani. Na ga ƙafar Auwalu ta baya ta zame. Na ga gwiwarsa ta nufi ƙasa, kansa ya fara nutsewa ƙarƙashin ƙirjin Surajo, da nauyin mutum goma sha biyar a bayan abin.

Mutanen Damaga da ke wurin sun gani su ma, har wani ya fara ihu. Gwiwar Auwalu a ƙasa, abin da suka zo gani ke nan tun bara. Ba sai Surajo ya ja ba ma. Ya ci gaba da turawa kawai.

Hannunsa da ke bayan Auwalu na ga ya damƙe riga, jijiyoyin suka tashi. Ya kafe ƙafafu ya daina tafiya, na bayansa suna ta turo shi, shi yana riƙe da su da baya, yana riƙe da Auwalu da hannu ɗaya, sama. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakinsa ba. Gwiwar ta tsaya, tazarar tafin hannu da ƙasa. Usur.

Babu wanda ya yi tafi. 'Yan kallo ba su gane an yi wani abu ba, wasu ma tsaki suka yi. Auwalu ya miƙe yana haki, ya dubi Surajo ya ce, "Ka yi sake, ɗan Damaga." Surajo ya ce, "Kai dai gyara ƙahwarka, nauyi gare ka kamar buhun gishiri."

Murtala ya rubuta wani abu a littafinsa. Na leƙa. Sunaye biyu.

Da na mayar musu da kambunansu, Surajo ya ce in riƙe nasa, can ma ba za a bari ba. Auwalu ya miƙo nasa shi ma.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Na je wurin Yaya bayan Juma'a. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa sosai wannan karon, har ta tambayi bayana, wato Salma ta kai labari.

Ta ce, "Ka tabbatar?"

Na ce a'a. Na gaya mata abin da na sani da abin da ban sani ba, a jere, yadda nake yi wa edita. Sansanin akwai. Mutumin an san shi. Takardarsa ban tabbatar ba. Wasan yana karya wuya in aka yi shi da mugunta ko da sakaci. Sannan na gaya mata abin da na gani jiya, da tazarar tafin hannun.

Ta ce, "Na Dakko ɗin? Shi yar riƙe?" Na ce shi.

"To mi kac ce?"

Na ce ya tafi.

Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana buɗe akwati. Maganar ta fita daga bakina, ba ta komawa. In wani abu ya faru, ni ne.

Litinin, 1 ga Disamba

Sun tashi ƙarfe bakwai da rabi, cikin ayarin motocin da ke bin hanyar Gusau da safe. Na ɗauki hoton lambar motar, da fuskar direba, da katin shaidar Murtala gaba da baya. Ya tsaya na ɗauka, har ya gyara hula. Su biyun a kujerar baya, sun cika ta, kowa yana kallon tagarsa.

Ƙarfe shida na yamma Surajo ya kira: sun isa, an ba su ɗaki ɗaya, Auwalu ya riga ya kama gadon da ke kusa da fanka. Na ce ya ba ni wani ma'aikacin wurin mu gaisa. Ya ba ni. Na tambayi sunan unguwar, na duba a taswira. Ya yi daidai.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na kalli wani tsohon wasa na ƙasa da ƙasa da rana, ina tsallake gudun ina tsayawa a turereniya kawai. Salma ta ce ta ji ni daga madafa ina ce wa wani Bature ya gyara ƙafarsa. Ban tuna ba.

Kambunan suna cikin durowar tebur. Na lura ɗazu a gefe ɗaya suke, ban san yaushe na daina raba su ba.

Yaya ta zo da safe, ta ce in na yi addu'a in sa da yaron Dakko, uwarsa ma mutum ce. Na ce to. Ban gaya mata tun Litinin nake yi ba.

Shehu ya kira ƙarfe huɗu. An gaya masa an fitar da jerin farko na 'yan sahun gaba da za su ci gaba da zama a sansanin, kuma akwai ɗan Zamfara ɗaya a ciki. Bai san wanne ba. Wayar Surajo a kashe, ta Murtala ba a ɗauka, suna fili. Majiya ɗaya ce. Gobe za a liƙa sunayen.